Naira 70,000 Ga Wa? Yadda Aikin Wucin Gadi Ke Fitar Da Ma'aikaci Daga Inuwar Doka

A ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000, bayan an shafe watanni ana ja-in-ja. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun faro da neman naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, har aka kai ga yajin aikin 3 ga Yuni da ya kashe wutar lantarkin ƙasa. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke ta dawowa daga bakin mai gadin banki, da malamar makarantar kuɗi, da yarinyar da ke zaman rumfar POS, da leburan da ke dakon buhu a kamfanin shinkafa: in dai doka ce, me ya hana ta iso gare mu?

Taurin kan wasu masu ɗaukar aiki yana ciki, amma babban dalilin yana cikin dokar kanta. Gyaran 2024 adadin kuɗin ya canza, ya kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Bai taɓa sashe na 4 na dokar 2019 ba, wanda ya ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya kamasho ko jinga, da masu aikin da ke bin yanayi irin noma. Haɗa wannan da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024, waɗanda suka nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna ɓangaren da ba shi da rajista ko takarda, masu karɓar albashi kuma ba su wuce kimanin kashi 15 ba, sai a ga dokar 'yan tsiraru ta yi wa rumfa.

Kusan duk haƙƙin da dokokin ƙwadago suka tanada a kan ƙusa ɗaya aka rataye shi: a iya nuna cewa wane ma'aikacin wane ne. Abin da jari-hujjar wannan zamani ta ƙware a kai shi ne zare ƙusar nan, a mori aikin mutum ba tare da an zama ubangidansa a takarda ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ma'aikacin dindindin shi ne wanda aka ɗauka ba tare da an yanka ranar ƙarewa ba, yana da takardar ɗaukar aiki, sunansa kuma yana cikin jerin albashin kamfanin. Na wucin gadi kuwa kullum ko mako-mako ake ɗaukarsa. Yau a kira shi daga bakin ƙofa, gobe a ce babu aiki. Tsakanin su biyu akwai ma'aikacin kwantiragi, kuma a nan ruɗanin ya fi yawa, domin kalmar iri biyu take nufi. Akwai wanda kamfanin da kansa ya ɗauka na wata shida ko shekara guda, akwai kuma wanda wani kamfanin samar da ma'aikata ya ɗauka sannan ya tura shi banki ko masana'anta. Na biyun nan yana sanye da rigar bankin, yana karɓar umarnin manajan bankin, amma a takarda bankin bai san da zamansa ba. Sai rukuni na ƙarshe, wanda ake ce wa mai zaman kansa alhali wani ne ke yanka masa farashi da ƙa'ida: direban manhajar ɗaukar fasinja irin Uber, mai kai saƙo a babur, ɗan sahun da ke kai balas.

Shi kansa ci da gumi ba ma'ana ɗaya masana suke ba shi ba, kuma yawancin musun da ake yi a kansa daga nan ya samo asali. A wurin Karl Marx, a littafinsa na 1867 kan jari, ci da gumi ba laifin mugun ubangida ba ne, ginshiƙin tsarin ne: ma'aikaci yana samar da abin da ya fi ladarsa daraja, rarar kuma ita ce ribar mai jari, ko da mai jarin mutumin kirki ne. Masana tattalin arzikin kasuwa sun taƙaita ma'anar. Su a ganinsu an ci da gumin mutum ne idan an biya shi ƙasa da abin da aikinsa ya ƙara wa kamfanin saboda ba shi da wani wurin zuwa. Masaniyar tattalin arziki Joan Robinson ta yi bayanin wannan tun 1933, inda ta nuna cewa idan mai sayen ƙwadago ɗaya ne ko kaɗan, masu sayarwa kuma da yawa, to mai sayen ne ke yanka farashi. Duk wanda ya taɓa ganin cincirindon samari a ƙofar masana'anta a Sharada ko Bompai da asuba, ana zaɓen ashirin a sallami saura, ya ga wannan darasin da idonsa.

Doka kuma ta fi kowa taƙaitawa. Abin da take kamawa kai tsaye shi ne aikin tilas, wanda sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta. Alamominsa, kamar yadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zayyana, sun haɗa da riƙe albashi, riƙe takardun mutum, ɗaure shi da bashi, da hana shi fita. Irin wannan ne ya fito fili a Yunin 2020, lokacin da 'yan sandan Kano suka fito da mutum sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita tun farkon kullen korona. Sai dai irin wannan gefen lamarin ne. Mafi yawan abin da ake kuka da shi ba ya buƙatar kwaɗo a ƙofa, kuma galibinsa bai karya wata doka a fili ba.

Daga Kakuri zuwa bakin ƙofa

An buɗe masaƙar KTL a Kakuri, Kaduna, a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964. Zuwa shekarun 1980 masaƙu ne suka fi kowace masana'anta ɗaukar ma'aikata a ƙasar. Aikin yana da wuya, ga ƙara ga ƙurar auduga, amma yana da albashin wata, da asibitin kamfani, da garatuti, da ƙungiya mai ƙarfi wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga fasa-ƙwauri, ga rashin wuta. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Dubban mutanen da aka sallama ba su daina neman abinci ba. Sun koma acaba, gadi, dako da ƙananan sana'o'i, wato daga aikin da ke da ubangidan da za a iya kai wa ƙara zuwa aikin da babu shi.

A daidai lokacin wani tunani yana yaɗuwa daga Amurka da Ingila: kamfani ya riƙe ainihin sana'arsa kawai, ya miƙa shara, gadi, tuƙi da girki ga 'yan kwangila. Matsalar ita ce babu wanda ya shata iyakar ainihin sana'ar. Kamfanonin mai a yankin Neja Delta suka faɗaɗa ta har zuwa masu aiki a rijiya. Bankuna kuma, musamman bayan haɗewar 2004 zuwa 2005 da ta mayar da 89 zuwa 25, suka miƙa har masu karɓar kuɗi a kanta da masu farautar kwastomomi. A duniya ma haka sarƙar ta yi ta tsawo. Da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100, sai da aka riƙa tono tambarin kamfanonin Turai da Amurka daga cikin ɓaraguzai kafin wasunsu su amsa cewa a can ake ɗinka kayansu.

Yana da kyau a lura cewa aiki ba takarda ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron shago a Kantin Kwari bai taɓa sanin kwantiragi ba. Amma barantaka tana da nata haƙƙoƙin da al'ada ta tsare: maigida ya ci da shi, ya kai shi asibiti, ya yi masa aure, in ya daɗe ya sallame shi da jari. Wasu iyayen gida suna cin amana, kuma yaron ba shi da inda zai kai kuka sai wurin dattawan kasuwa, amma dai kowa ya san wanda kunyar za ta kama. Sabon tsarin ya ajiye wannan nauyi na al'ada, bai kuma ɗauki na doka ba.

Lissafin da kamfani ke yi

Ba a albashi kaɗai ake samun rangwamen ba. A ɗauki ma'aikaci mai naira 70,000 a wata a kamfanin da ke bin doka. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin 100, wato 7,000, ma'aikacin ya zuba kashi 8, wato 5,600. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, wato naira 2,520,000 ga iyalinsa idan ya rasu yana bakin aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, a biya NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. Ga hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da albashi, ga kwana 12 na rashin lafiya, ga hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki.

Idan aka mayar da mutumin nan na wucin gadi, a aikace duk wannan ya tafi. Kason kamfani na fansho kaɗai naira 840,000 ne a shekara goma, ba a sa ribar da kuɗin zai haifa ba. Amma abin da ya fi kuɗin nan daraja a wurin kamfani shi ne sauƙin sallama. Ranar da injin ya tsaya don babu dizal ko babu shanshera, mai albashin wata sai an biya shi, na kullum-kullum kuwa gida zai koma hannu rabbana. Asarar ranar da babu ciniki, wadda a da mai jari ke ɗauka kuma da ita ake kafa hujjar cewa ya cancanci riba, ta koma wuyan lebura.

Sai kason ɗan kwangila. A ɗauka banki yana biyan kamfanin masu gadi naira 100,000 kan kowane mutum. Daga ciki kamfanin zai cire ribarsa, da kuɗin kaki, da na ofis, abin da ya rage shi ne albashi. Tunda kwangilar ana ba wanda ya fi araha ne, kuma kaki da ofis ba sa raguwa, wurin da ake matsewa a ci gasar guda ɗaya ne. Bankin zai iya rantsuwa cewa ya biya abin da ya haura mafi ƙarancin albashi, mai gadin ya rantse bai gani ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Wane ne ubangidan?

Akwai kuskuren da ya yaɗu, har a tsakanin 'yan ƙungiya, cewa duk wanda ya yi wata uku yana aiki ya zama na dindindin. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago bai faɗi haka ba. Abin da ya ce shi ne kafin wata uku su cika dole a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sunan ubangida, irin aikin, lada, lokutan aiki, hutu da sharuɗɗan sallama. Dokar, wadda tushenta na farkon shekarun 1970 ne, ba ta ma fassara ma'aikacin wucin gadi ba, balle ta yanka masa wa'adi. Duk da haka wasu kamfanoni kan sallami mutum kafin wata ukun su cika, su sake ɗaukarsa bayan 'yan kwanaki, don kada a samu zama ɗaya mai tsawo da za a kafa hujja da shi. Ta haka mutum zai shekara takwas a inji ɗaya yana sabon ɗauka. Tarar da dokar ta yanka wa wanda ya ƙi ba da takardar, a karon farko, ba ta wuce naira 800 ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun toshe wannan kafa. A Ghana dokar ƙwadago ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya za a ɗauke shi a matsayin na dindindin. A Afirka ta Kudu, mai ƙaramin albashi da kamfanin samar da ma'aikata ya tura wani wuri, in ya wuce wata uku, ya zama ma'aikacin wurin da yake yi wa aikin, kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar da haka a 2018. Irin wannan ƙa'ida tana da nata rauni, domin inda babu sa ido sai a riƙa sallama ana saura mako guda wa'adin ya cika.

A Najeriya kotu ce ta fi majalisa motsi. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma yin la'akari da ƙa'idojin duniya. Matsayin kotun a taƙaice shi ne ɗaukar ma'aikata ta hannun ɗan kwangila ba laifi ba ne a kan kansa, amma ba sunan da aka rubuta a takarda za a duba ba, yadda ake gudanar da aikin za a duba. Wa ya yi wa mutum tambayoyin ɗauka? Wa ke tsara masa lokacin aiki, wa ke ba shi takardar gargaɗi, wa ya ce a sallame shi? Idan duk amsoshin suna nuna kamfanin da ke cin moriyar aikin, kotu tana iya ɗaukar kamfanonin biyu a matsayin iyayen gida tare.

Balas da manhaja

A aikin sufuri ne sauya wa asara mazauni ya fi fitowa sarari. A ɗauka ɗan sahu yana kai balas ɗin naira 6,000 a rana. Ranar kasuwa ya tara 20,000: mai ya ci 9,000, balas 6,000, tikiti da ƙananan gyare-gyare 1,500, ya koma gida da 3,500. Ranar da aka wuni ana ruwa ya tara 14,000: mai 7,000, balas 6,000, tikiti 1,000, ya tashi a tutar babu bayan sa'a goma sha biyu a titi. Kason mai keke bai motsa ba a ranakun biyu. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, direban ne ya fara jin dukan, domin fasinja ba ya yarda da ƙarin kuɗi da saurin da gidan mai ke ƙarawa. Mai keke shi ma yana da tasa fargabar, sata da haɗari da direban da zai kashe masa inji, kuma ranar da ciniki ya yi kyau rarar ta direba ce.

Inda aka fi cutuwa shi ne sayen keke ana biya mako-mako. Mutum ya biya wata goma, ciwo ya kwantar da shi mako uku, a zo a ɗauke keken, a ce abin da ya biya haya ce. Kaɗan ne suka san cewa dokar irin wannan ciniki ta 1965 ta ce idan an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba shi da ikon mayar da shi nasa sai ta hanyar kotu. Amma ba a kafa hujja da ita sai da rubutacciyar yarjejeniya da rasitin kowane biya.

Manhajoji irin Uber da Bolt sun ɗauki wannan tsari suka ƙara masa wani abu. Mota ta direba ce ko ta haya, mai da gyara da data duk nasa ne, kamfanin yana cire kamashon kashi 20 zuwa 25 cikin 100, kuma shi ke yanka kuɗin tafiya. Direban da ke yawan ƙin karɓar fasinja, ko wanda taurarin yabon da fasinjoji ke ba shi suka yi ƙasa, ana iya rufe masa manhaja ba tare da an zauna da shi ba. A takarda dai abokin hulɗa ne, ba ma'aikaci ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wannan a babin ijara. Ajirul khass shi ne wanda aka ɗauki lokacinsa ga mutum ɗaya: ya cancanci ladarsa da zarar ya miƙa kansa a lokacin da aka yi alkawari, ko da ba a ba shi abin yi ba, kuma ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ƙetare iyaka. Ajirul mushtarak kuwa, kamar tela ko marini, kowa yake yi wa aiki, shi ke tsara kansa, sai ya gama ake biyansa, kuma a mazhabar Malikiyya masu sana'a irinsa suna lamunce kayan mutane da ke hannunsu. Tsarin manhaja yana juya mutum kamar na farko, yana biyansa yana kuma ɗora masa asara kamar na biyu. Kusan wannan ne Kotun Ƙolin Birtaniya ta gano a Fabrairun 2021, da ta yanke cewa direbobin Uber suna da haƙƙin mafi ƙarancin lada da hutu, kuma lokacin aikinsu ya haɗa da zaman jiran fasinja muddin manhajar tana kunne a yankin aikinsu. Tarayyar Turai ta bi da ƙa'idar 2024, wadda ta ce inda alamun juya ma'aikaci suka bayyana, kamfanin ne zai kawo hujjar cewa ba ma'aikacinsa ba ne. A jihar Kaliforniya ta Amurka kuwa akasin haka aka yi: a 2020 masu zaɓe suka amince direbobin manhaja su ci gaba da zama masu zaman kansu, bayan kamfanonin sun kashe sama da dala miliyan 200 a yaƙin neman ƙuri'a. A Legas wasu direbobi sun kai Uber da Taxify (tsohon sunan Bolt) Kotun Ma'aikata, aka kori ƙarar a 2018 saboda ba su gabatar da isassun hujjojin yadda ake juya su ba. Kotun ba ta ce su ba ma'aikata ba ne, don haka tambayar tana nan a buɗe.

Inda ɓangarorin suka tsaya

Ƙungiyar masu ɗaukar aiki ta NECA da ta masu masana'antu suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Kamfanin da ke ƙona dizal, yana cin bashi a lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, kuma bai san ko zai yi ciniki wata mai zuwa ba, yana tsoron ɗaukar alkawarin dindindin. In aka matsa masa, ko ya rage mutane, ko ya tsaya a ma'aikata 24 don kada dokar mafi ƙarancin albashi ta hau kansa, ko ya rufe. Ga matashin da ke zaune a majalisa ba aikin fari ba na baƙi, da babu gara ba daɗi. Wasu ma'aikatan ma, musamman ɗalibai da mata masu raino, da kansu suke son aikin da ba ya ɗaure su.

'Yan ƙwadago suna amsawa da cewa sassaucin ɓangare ɗaya yake amfana, kuma ba ƙananan kamfanonin da ke fama ba ne suka fi amfani da tsarin, manyan bankuna da kamfanonin mai ne masu bayyana ribar biliyoyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suna kuma nuna cewa ko naira 70,000 ɗin ba ƙari ba ne na haƙiƙa: 30,000 ta 2019 ta haura dala 80, 70,000 ta Yulin 2024 ba ta kai dala 50 ba. Rauninsu shi ne yawancin 'yan ƙungiya masu biyan kuɗin wata ma'aikatan gwamnati ne da na dindindin, don haka yajin aiki kan albashi ya fi samun ƙarfi a kan yaƙi da aikin wucin gadi. Gwamnati kuma alƙali ce mai hannu a shari'ar, domin asibitoci, makarantu da ma'aikatunta ma suna da masu shara, masu gadi da ma'aikatan lafiya na wucin gadi da suka shekara da shekaru suna jiran a tabbatar da su.

Ra'ayi na uku yana cewa a daina rataye komai a wuyan ubangida, a bar fansho da inshorar lafiya su bi mutum duk inda ya je. Shi ne tunanin da ya haifi ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a 2019, da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi. Cikas ɗinsa a bayyane yake: zubi ne na ganin dama daga aljihun wanda ke hannu baka hannu ƙwarya, kuma wanda ya ci moriyar aikinsa bai sa ko kwabo ba.

Abin da ya rage a hannun ma'aikaci

Duk da ramukan nan, akwai haƙƙoƙin da ba su dogara da zama na dindindin ba. Dokar diyya ta 2010 ta ambaci ma'aikacin wucin gadi, da mai 'yan sa'o'i, har da ɗan aikin gida wanda ba ɗan gidan ba. Wanda inji ya yanke wa yatsu, ko danginsa, ya sanar da ubangida cikin kwana 14, kuma ya fi kyau a rubuce a riƙe kwafi. Ubangida ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda. Abin da ya fi lalata irin wannan nema shi ne a kai mutum kemis a ɗaure hannun, a ba shi 'yan kuɗi ya tafi gida, babu katin asibiti babu rahoto, har wa'adi ya wuce.

Sallama ma tana da ƙa'ida a sashe na 11: sanarwar kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama, ko a biya kuɗin kwanakin. Yankan albashi, wanda ya zama ruwan dare a gidajen mai da rumfunan POS da sunan kuɗi bai cika ba, sashe na 5 ya taƙaita shi, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sashe na 9 ya hana a sa wa mutum sharaɗin kada ya shiga ƙungiya. Wanda ake cire wa kuɗin fansho kuma ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa, domin doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, kuma 'yan kwangila da dama suna cirewa ba sa zubawa.

Dukkan waɗannan suna komawa ga hujja, kuma tun ana zaman lafiya ake tara ta, domin ranar sallama ake karɓe katin shaida a rufe ƙofa. Saƙon banki na kowane albashi, hoton katin shaida gaba da baya, jadawalin aiki, takardar gargaɗi, saƙonnin WhatsApp da ke nuna wanda ke ba da umarni, duk suna da amfani. Wanda ake biya a hannu ya riƙa rubuta rana da adadi, ya kuma san abokan aiki biyu da za su iya shaida. Ana iya fara kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, in bai yi ba a wuce Kotun Ma'aikata, wadda ke da rassa a Kano, Kaduna da wasu jihohin Arewa, tana kuma da sashen sulhu. Wanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila ya sa sunan kamfanonin biyu a ƙararsa, domin ƙaramin kamfanin yana iya rufe ofis ya sake rajista da wani suna kafin a yanke hukunci.